Ladi, kazar da sabo ya hana yankawa: nazarin abin da ya faru a wani gida a Daura

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A gidanmu na cikin garin Daura an yi wata kaza da ta shekara biyar da 'yan watanni tana ƙaryata wannan magana. Sau uku ana zare mata wuƙa ana mayarwa kube. Tun da ta mutu nake juya lamarin a raina, domin gidan da ya ƙi yanka ta saboda ƙauna, shi ne kuma gidan da bai taɓa kashe ko sisi wajen yi mata rigakafi ba, har ciwon kaji da ake kira fakat ya shigo ya share mana akurki cikin kwana goma.

Gidan da masu kajin

Gida ne na gado. Daga zaure sai tsakar gida mai rairayi, ɗakin Inna, sashen Yaya da iyalinsa, sai wani lungu a bayan madafa inda akurkin laka yake. Ni a Katsina nake aiki, ƙarshen mako nake leƙowa. Kajin gidan ba sa wuce goma sha biyar zuwa ashirin, dukansu kajin Hausa masu kiwon kansu. Da safe a watsa musu tsaba ko dusar gero, sauran yinin kuma kowace ta san inda za ta nufa: bakin turmi, wurin wanke-wanke, jujin bayan gida.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ɗauka kajin na maigida ne. Ba nasa ba ne. Kaza dukiyar mata ce da yara, kuma kowace da mai ita, ko da a akurki ɗaya suke kwana. Ita ce asusun da mace ke fasawa in sabulu ya ƙare, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko biki ya taso ana neman gudummawa. In kaji sun yi albarka a sayar a sayi akuya. Maigida yana iya cewa a kama kaza a yi wa baƙo, amma in yana son zaman lafiya sai ya biya mai ita. Wannan ƙa'ida ta mallaka ita ce ta fara ceton Ladi, tun kafin a zo maganar ƙauna.

A farkon 2020 Yaya ya je kasuwar Mai'adua, wadda ke ci ranar Lahadi, Inna ta ba shi saƙon sagara guda. Ya dawo da wata wake-wake mai gajerun ƙafafu, irin wadda ake ce wa durgu. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce kuɗinta dai sun tafi, wannan ko tsere da agwagwa ba za ta ci ba. Sai ta miƙa wa 'yar Yaya, wadda muke kira Ummi saboda sunan Inna ta ci, a matsayin tukuicin izu ɗaya da ta kai a Islamiyya. Shekarunta bakwai a lokacin.

"Ungo, kishiya. In ta mutu kada ki zo min da kuka."

Ummi ta ce tun da ranar Lahadi ta zo gidan, sunanta Ladi. Akwai wata maƙwabciyarmu mai wannan suna, washegari ta shigo da mayafi a kafaɗa wai ta zo ganin takwararta, kuma ta ji an ce ba a yi mata yankan suna ba. Aka yi dariya, suna ya bi kaza.

Yadda ta zama 'yar ɗaki

Da zamani ya tafi yadda aka saba, da Ladi ta shige cikin sauran kaji an manta da ita. Amma a watan Afrilun shekarar aka sa wa Daura dokar kulle saboda korona, tana cikin garuruwan farko da aka rufe a jihar Katsina, makarantu kuma tun kafin nan an sallami yara. Yarinya ta wayi gari ba boko, ba Islamiyya, ba fita wasa. Sai kaza.

Ummi ke kife tsohuwar tukunya da karmami da busasshen kashin shanu a bayan gida don gara ta taru, da safe ta kwaso ta zazzage wa Ladi ita kaɗai. Ita ke ɓoye mata ƙanzo. Kafin a buɗe gari kazar ta gane muryarta, ta gane ƙarar ƙoƙon da take kaɗawa, ta kuma daina kwana a akurki. Da magariba, sauran kaji na layin shiga lungu, ita sai ta ratse ta shige ƙarƙashin gadon ƙarfen Inna. Mako guda Inna tana korar ta da tsintsiya. Daga baya na zo na tarar an shimfiɗa tsohon buhu a wurin, na tambaya, Inna ta ce don kada ta ɓata mata daɓe ne, ba don komai ba.

Aka ware mata kaskon ruwa a gindin randa. Da rana tsaka za ka ga ƙadangaru biyu ko uku sun jeru a bakinsa suna gyaɗa kai, ita kuma tana gefe ta baje fukafukai a rairayi. A nan na ga karin maganar nan da idona, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Ba shagwaɓa kaɗai ta iya ba. Abin da ya ɗaga darajarta a idon manya shi ne kwanci. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar ta tsaya ta kwanta a kai, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'yan tsaki wata biyu ko fiye, sannan ta sake komawa. Sau uku a shekara, in an yi sa'a. Ladi kan yi hakan, amma gwanintarta a ƙwan zabi take. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, a jeji take zuba ƙwanta da damina, shi ya sa mutanenmu ke ba kaza ta kwanta musu. Matsalar ita ce ƙwan zabi sai ya kwana 26 zuwa 28, kaji da yawa kuwa in suka wuce mako uku ba su ji motsi ba sai su tashi su bar gurbin ya huce. Ladi ba ta tashi.

Na taɓa zama na kalle ta yini guda. Sau ɗaya tak ta fito, wajen hantsi, gashi a tashe kamar an hura ta, tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa da ke sa zakaru ma su ba ta hanya. Ta sha ruwa, ta yi ƙoto a gurguje, ta yi birgima a toka, ta koma. Kafin ta kwanta sai ta sa baki ta jujjuya ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, na gefe ta turo su tsakiya, sannan ta sauka a kansu a hankali tana girgiza ƙirji har ta daidaita. In akwai baragurbi, wani lokaci za ka tarar ta mirgino shi waje.

Inna tana da dabararta: ta fara sa ƙwan zabi, bayan kamar mako guda ta ƙara ƙwan kaza uku ko huɗu, don su fashe tare. Ta ce 'yan tsakin ne ke koya wa 'yan zabi zaman gida, in ba haka ba suna yin fiffike sai jeji. Har maƙwabta suka riƙa kawo nasu ƙwan zabin Ladi ta kwanta, in an ƙyanƙyashe a raba biyu. Daga rabon Ummi na zabi da zakaru aka haɗa aka saya mata 'yar akuya a shekara ta biyu.

Wuƙa ta farko da ta biyu

Ta farko ba ta da tsawo. Surukin Yaya ya iso daga Damagaram bayan isha'i ba sanarwa, kaji duk sun shige akurki, wadda ke kusa da hannu kuma mai tsoka ita ce ta ƙarƙashin gado. Kafin a kunna tocila Ummi ta sunkuce ta ta shige bayan randa. Inna ta ce a kamo nata zakaran.

Ta biyu ta fi nauyi. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Wanda ke da su a banki ba ya iya cirewa, taransifa ta ƙi tafiya, mai kayan miya kuma ba ya karɓar alkawari. Masu sayen kaji da suka samu tsabar kuɗi suka riƙa bi gida-gida suna saye yadda suka ga dama. Gidanmu ya sayar da kaji shida a mako biyu. Ran nan mai sayen ya hango Ladi daga bakin zaure ya ce a haɗa masa da waccan, zai ƙara wani abu. Matar Yaya ta amsa, kuma ban ga laifinta ba, tukunya ce ba a ɗora ba tun safe. Inna ta fito ta ce:

"Ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Mai ita tana makaranta. In ta dawo ta ce a sayar, a sayar."

Kowa ya san abin da mai ita za ta ce. Ranar dai fura aka sha aka kwanta, kuma an yi kwana biyu gaisuwa tsakanin uwar miji da matar ɗa ba ta wuce "ina kwana", "lafiya lau".

Zakaran kyauta

Da hunturun ƙarshen shekarar 2023 ɗin wani ɗan'uwa ya zo mana daga ƙauye. Don kada ya shigo hannu rabbana, ya tsaya a wata kasuwa a hanya ya sayo zakara, ja, ƙato, kuma shi da bakinsa ya ce arha ya samu. Aka yi godiya, aka kwance masa ƙafa, aka sake shi tsakar gida a daren. Kaji 19 ne a gidan a lokacin, har da 'yan matasan tsaki.

Kwana na huɗu zakaran ya daina cara. Ya koma gindin bango ya saki fukafukai yana gyangyaɗi, kashinsa ya koma kore mai ruwa-ruwa. Aka ce tun bai mutu ba a yanka. Aka yanka, aka fige, aka gyara shi a wurin wanke-wanke, aka watsar da ruwan a tsakar gida, kayan cikin da ba a so aka jefa juji. Kaji suka yi caa a kai. In za a nuna awa ɗaya da ta kashe akurkin nan, wannan ce.

Bayan kwana uku aka wayi gari da gawa biyu. Washegari huɗu. Wasu ba su nuna alamar komai ba, da daddare lafiya, da safe a sandare. Wasu kuma sai sun kwana biyu suna buɗe baki suna jan numfashi da ƙyar, majina na fita.

Ciwon da muke kira fakat shi ne likitocin dabbobi ke kira da sunan garin Newcastle na Ingila, inda aka gano shi a 1927, shekara guda bayan an gan shi a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi. Tana fita a kashin kaza da majinarta da numfashinta, tana bin ruwan sha, tana maƙale wa takalmi da kwandon 'yan kaji. Daga kamuwa zuwa bayyanar alama yakan ɗauki kwana biyar ko shida, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har mako biyu. Ke nan zakara na iya tsayawa a kasuwa yana cara, ido tar, alhali ya riga ya ɗauko.

Tsofaffinmu sun ce iskar hunturu ce ke kawo shi. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don ƙwayar ta fi daɗewa a raye cikin sanyi, kuma da hunturu ne ciwon ya fi ɓarna a Arewa. Amma akwai hannun mutum a ciki. Lokacin ne 'yan kaji ke tara kaya daga ƙauyuka don bukukuwan ƙarshen shekara, kajin gari goma a kwando ɗaya. Kuma duk mai kiwon da ya ga kazarsa ɗaya ta fara gyangyaɗi, abin da yake yi shi ne ya kwashi sauran ya kai kasuwa ya karya farashi kafin su mutu a hannunsa. Arhar da ɗan'uwanmu ya samu, wataƙila asarar wani ce aka sayar masa.

Mun yi magani, ba a ce ba mu yi ba. An daka barkono an zuba a ruwan sha. An jiƙa ɓawon maɗaci. An sa tafarnuwa. Yaya ya je kemis ya sayo kafson nan mai ja da rawaya, ana farkewa ana kaɗawa a kasko. Irin wannan kafso bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos, iyakarsa ya tare wani ciwon da zai hau kan na farko. Da na zo ranar Juma'a na lissafa abin da aka kashe, ya fi kuɗin da zai yi wa kajin layinmu gaba ɗaya rigakafi.

Na kira wani ma'aikacin dabbobi da na sani. Bai ɓoye min ba, ya ce rigakafi na mai lafiya ne, wanda ya kamu sai dai a raba shi da sauran. Ya ce a daina jefa gawa a juji inda karnuka da kajin maƙwabta za su ja, a haƙa rami a binne ko a ƙone, a share akurki a ƙone sharar. Ya kuma ja min kunne cewa da ido ba a iya raba fakat da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma ita tana iya kama mutum, don haka yara su daina ɗaukar gawa da hannu, in mutuwar ta bazu a unguwa a sanar da ofishinsu. Ta riga ta bazu. Gida uku a layinmu sun yi asara bayanmu, kuma har yau in na tuna kayan cikin nan da aka jefa juji sai in ji nauyi.

Wuƙa ta uku

Ladi ta kamu a rana ta bakwai. Ina nan. Da safe ba ta fito daga ƙarƙashin gado ba, da aka jawo buhun sai ga ta ido a lumshe, kai na rawa.

Yaya ya ɗauko wuƙa ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ba mugunta ba ce. Hujjarsa uku ce, kuma kowace tana da ƙafa: in ta mutu da kanta ta zama mushe, an yi asarar nama, barin ta tana shan wahala ba tausayi ba ne, kuma muddin tana numfashi tana zuba ciwon ga 'yan da suka rage.

"Inna, ki sa baki. Gara a yanka tun da sauran rai."

Ummi, lokacin tana shekara goma sha ɗaya, ba ta yi kururuwa ba. Ta durƙusa ta rufe kazar da hijabinta ta ce, "Baba, don Allah." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, sai hawaye.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai wuƙar nan, naman kaza ɗaya ba ya ƙosar da gidan nan. In ta mutu, ni na ci bashin."

In ana maganar kiwo zalla, Yaya ne mai gaskiya, kuma na gaya masa hakan a zaure. Abin da na iya yi shi ne na nemo tsakiya. Aka fitar da ita daga ɗakin Inna aka kai ta wani tsohon ɗaki da ake ajiye buhuna, aka kife ta da kwando. Ummi kaɗai ke shiga, da wasu silifa da aka ajiye a ƙofar don wurin kawai, in ta fito ta wanke hannu da sabulu. Da sirinji marar allura take ɗiga mata ruwa da ɗan sukari a gefen baki, sannan kunu mai ruwa, kaɗan-kaɗan don kada ya sarƙe ta. Safe, rana, dare. Kwana biyar kazar ba ta tsaya da ƙafarta ba. A na shida Ummi ta fito da gudu ta ce ta sare ta a yatsa.

Cikin 19, uku suka tsira: Ladi da wasu tsofaffin kaji biyu. Inna ta ce maɗaci ne. Ni ina ganin tsufa ne ya taimake su, don kazar da ta ga hunturu uku ko huɗu tana yawo a unguwa mai yiwuwa ta taɓa haɗuwa da ciwon a sauƙaƙe, jikinta ya san shi. Matasan da ba su taɓa gamuwa da shi ba ko ɗaya bai kai labari ba, kuma su ma maɗacin suka sha. Ban yi gardama da Inna ba.

Shekara ɗaya da rabi ba amfani

Ta tashi, amma ba yadda take ba. Ciwon ya taɓa mata jijiya, wuyanta ya murɗe, kai ya karkace kamar mai leƙen sama da ido ɗaya. In ta kai sara ga tsaba sai ta sari ƙasa a gefe. Sai da aka koma zuba mata abinci a kwano mai zurfi, a cika shi, yadda duk inda bakin ya faɗa zai samu. In ta firgita takan yi ta juyi a wuri ɗaya har sai an dafa ta. Ƙwai kuwa ta yi 'yan kaɗan masu taushin ɓawo, daga nan ta daina.

A lissafin kiwo, daga ranar ta zama hasara: tana ci, ba ta bayarwa. A nan ne lamarin ya fita daga abin da unguwa ta saba gani. Ana fahimtar a bar kaza don tana kwanci. Ba a fahimtar a bar gurguwar kaza mai karkataccen wuya tana kwana a ɗakin tsohuwa. Magana ta fara zagayawa cewa ba banza ba, wai kazar asiri ce, don an san irin kajin da bokaye ke cewa a nemo. Da maganar ta dawo kunnen Inna ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce shekara saba'in tana sallah a unguwar nan sai yanzu za a haɗa ta da tsafi a kan kaza. Amma ba ta fitar da ita ba. Ina jin ma tun daga ranar ta ƙara mata tsaba.

Wani abu da ban manta ba: da aka sake tara kaji, wata sabuwar kaza ta ƙyanƙyashe, sai Ladi ta riƙa bin 'yan tsakin da wuyanta a karkace tana yi musu kiran nan na uwa. Uwar ta kore ta sau da yawa. Daga baya ta gaji, da rana za ka ga rabin tsakin a ƙarƙashin uwarsu, rabi a ƙarƙashin tsohuwa.

A wannan tsakanin ne muka fara rigakafi, bayan ɓarna ta gama. Dalilin da ya sa masu kajin gida ba sa yi ba rowa ba ce kaɗai. Maganin yana zuwa ne a 'yar kwalba mai isar kaji masu yawa, wasu ɗari, wasu fiye, kuma in an haɗa shi da ruwa ba ya kwana, cikin awa ɗaya ko biyu ake so a gama. Nau'in rigakafi irin su Lasota kuma dole su zauna cikin sanyi tun daga inda aka yi su har bakin akurki, ga halin wutarmu. Mai kaza goma zai ga kamar ba don shi aka yi ba. Amma akwai nau'in I-2, wanda aka samar a Ostireliya musamman don kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da sauran, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan kamar wata huɗu, a tabbata an yi ɗaya da kaka kafin hunturu ya kankama.

Sai muka haɗa kai da gidajen layin. A sayo kwalba ɗaya a cikin kula da ƙanƙara, a sa rana, kowa ya bar kajinsa a rufe, bayan sallar asuba a bi gida-gida. Gida biyu sun ƙi. Ɗaya ya ce ya taɓa yi kajinsa suka mutu, da aka bi diddigi sai aka ga sai da suka fara gyangyaɗi ya nemo maganin. Mun kuma kafa doka a gidanmu: duk kazar da ta shigo, ta kasuwa ce ko ta kyauta, ko daga hannun wa ta fito, sai ta yi mako biyu a ɗakin buhuna kafin ta ga tsakar gida. Hunturun da ya biyo baya ba mu rasa ko ɗaya ga fakat ba. Gida ɗaya ne da shekara ɗaya, ba zan kafa hujja da shi ba, amma Inna da ta ce maɗaci ne, yanzu ita ke tuna mana in wata huɗu ya cika.

Mutuwarta

Da daminar da ta biyo, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Inna ta tashi alwala ta ji ba motsi a ƙarƙashin gado. Ta haska ta gan ta a kan buhunta, ƙafafu a miƙe. Ba alamar ciwo, kuma sauran kaji lafiyarsu ƙalau. Ta rufe ta da faifai, ta yi sallarta, ta bari sai da Ummi ta karya kumallo sannan ta kira ta ɗaki.

Yarinyar ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar wuƙa. Samarin gidan suka samu abin tsokana, wannan ya ce a shimfiɗa tabarmar zaman makoki, wancan ya ce a aika wa takwararta ta zo ta karɓi gaisuwa. Malamin da ke karantar da yara a zauren maƙwabtanmu ya ji hayaniyar ya tambaya. Da aka gaya masa bai yi dariya ba. Ya kira samarin ya ba su labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya yi baƙin ciki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun don ya rarrashe shi. Malam ya ce in shugaban halitta bai ga ƙanƙantar damuwar yaro a kan tsuntsu ba, su wane ne su. Suka watse sumui-sumui.

Ummi ta so a naɗe ta a farin ƙyalle. Inna ta hana, ta ce kada a mai da abin addini wasa, kaza ce. Yaya, mai wuƙar nan dai, shi ya ɗauko fartanya ya haƙa rami mai zurfi a gindin dalbejiyar bayan madafa, aka sa ta da buhunta, aka zuba toka, aka mayar da ƙasa, ya ɗora dutse don karnuka. Yana kakkaɓe hannu ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, akuyar da ke ɗaure can da 'ya'yanta biyu ai duk daga cikin wannan durgun suka fito.

Akwai jikokinta a gidan har yanzu, ana gane su da gajerun ƙafafu. Zuwana na ƙarshe ya dace da ranar rigakafi. Ummi ce ke kamowa daga akurki tana riƙe kai, ni ina ɗigawa. Ta miƙo min wata sagara wake-wake, sak kakarta, na tambaye ta sunan wannan.

"Baba ƙarami, ba ta da suna. Ta Sallah ce."

Ta jira har kazar ta ƙifta ido maganin ya shige, ta sake ta, ta sa hannu a akurki ta kamo ta gaba.